Gansakuka ta mamaye akwatin kifin ruwan gishiri: ko dodon koɗi da ƙaguwa za su iya da ita?

Tambaya: Wani bawan Allah daga Birnin Kebbi ya aiko cewa wata huɗu ke nan da ya kafa akwatin kifi na ruwan gishiri a falonsa, mai cin lita 300, da duwatsu da farin yashi da ƙananan kifaye huɗu da aka kawo masa daga Legas. Yanzu gilashin ya yi dusu-dusu da wani abu ruwan ƙasa, duwatsun kuma sun tsiro da koren gashi. In ya goge, bayan kwana uku ta dawo. Ya ji ana cewa dodon koɗi da ƙaguwa na cinye gansakuka, shi ne yake son sanin ko gaskiya ne, guda nawa zai saka, kuma ko zai iya sa yara su samo masa a fadama ko a bakin gulbi a Argungu. Ya ce da ruwan burtsatse yake kwaɓa gishirin.

Amsa: Malam, gaskiya aka faɗa maka, amma ba a ƙarasa maka zancen ba. Dodon koɗi na teku da wasu ƙaguwoyi suna cin gansakuka sosai, kuma akwatin da babu su ba ya rabuwa da wahala. Sai dai aikinsu irin na tumaki ne a fili: suna bin ɗanyar ciyawa gajera su hana ta tashi, amma ba su sare wadda ta riga ta yi tsawo, ba su kuma hana wata tsirowa muddin ana zuba wa filin taki. A akwatinka, a halin da ka kwatanta shi, ana zuba takin kullum. In ka sayo su yau ka zuba, ina tsoron cikin mako biyu ƙwanso kawai za ka riƙa tsinta.

Bari in fara da maganar fadama, don ita ce ta fi damuna. Kada ka aiki yaran nan. Dodon koɗin fadama da ƙaguwar gulbi halittun ruwan daɗi ne. Ruwan teku na ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, kuma da zarar ka jefa ɗan ruwan daɗi a ciki, gishirin zai fara janye ruwan jikinsa. Zai shige ƙwansonsa ya rufe marfi, kai kana zaton yana hutawa, nan kuwa mutuwa yake yi. In ya ruɓe ya saki amoniya, ita kuma ta taɓa kifayenka, sannan ta koma abincin gansakukar da kake yaƙi da ita. Ga kuma abin da ya fi wannan muni. Ƙananan dodannin koɗi na ruwan kwance, irin da masana ke kira Bulinus, su ne mazaunin ƙwayar cutar tsargiya. Tsutsar na fitowa daga jikinsu ta bi ruwa ta huda fatar mai wanka ko mai lalube, daga baya yaro ya fara fitsarin jini. Duk wanda ya tashi a Argungu ko Yauri ya san wannan ciwo. Akwatin ado bai kai a jefa ɗan wani cikinsa ba. Haka nan doguwar katantanwar nan da ’yan kudu ke sayarwa don miya, ta ruwan tsaka-tsaki ce, gaurayen na daɗi da na gishiri, daga bakin tekun Neja Delta, cikin laka take rayuwa, ba ta wannan aikin ba ce. Ƙaguwar da ake kamawa a tafkin Legas kuwa mafarauciya ce, dare ɗaya za ta far wa kifayenka.

Yanzu ga takin. Kowane manomin shinkafa a Kebbi ya san NPK. To harufa biyun farko, naitirojin da fosfaras, su ne dai abincin gansakuka, kuma a akwati suna taruwa ne a matsayin naitiret da fosfet. Suna fitowa daga ragowar abincin kifi, da kashin kifi, da ruwan da kake zubawa. Ruwan burtsatse yana iya yin garau a ido, a sha shi lafiya lau, amma yakan ɗauko silika daga yashin ƙarƙashin ƙasa, sau da yawa har da naitiret, musamman inda ake noma ko akwai masai a kusa. Wannan ƙura ruwan ƙasa da ta rufe maka gilashi ƙananan halittu ne da ake kira dayatom, waɗanda ke gina jikinsu da silika. A sabon akwati sukan bayyana cikin makonnin farko su ɓace da kansu idan silikar ta ƙare. Naka ya kai wata huɗu ba su tafi ba, saboda duk lokacin da ka ƙara ruwa kana ƙara musu kayan gini.

Maganin wannan shi ne na’urar tace ruwa ta RO, wadda ke cire gishiri da sinadaran da suka narke a ruwa, in son samu ne mai haɗe da matatar DI mai tsince ragowarsu a ƙarshenta, da ɗan ma’aunin nan na TDS da ake tsomawa a ruwa ya nuna yawan abin da ya narke a ciki. Abin da ake nema shi ne ya nuna sifili ko kusa da haka. Wasu masu fiyawota suna da RO, za ka iya sayen ruwa a jarka a wurinsu, amma ka auna da hannunka kafin ka yarda. Gishiri kuma dole ya zama wanda aka haɗa musamman don akwatin teku, ba na miya ba, domin shi ke ɗauke da kalsiyam da magnisiyam da dodon koɗi ke gina ƙwansonsa da su. Ana son kalsiyam ya tsaya tsakanin miligiram 400 da 450 a kowace lita. Ka nemi kayan gwajin naitiret da fosfet. Ni na fi son naitiret ya zauna ƙasa da miligiram 10 a lita, fosfet kuma kada ya wuce 0.1, amma kada ka dage sai sun koma sifili, zan faɗa maka dalili nan gaba. Ka rage abinci zuwa abin da kifayen za su cinye cikin minti biyu, fitila kada ta wuce awa takwas, in kuma rana na faɗowa kan gilashin ta taga, a sa labule.

Kada wannan ya sa ka ɗauka masu cin gansakukar ba su da muhimmanci. A shekarar 1983 wata annoba ta faɗa wa baƙar bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi, Diadema, a tekun Karibiyan, ta kashe fiye da kashi 90 cikin 100 a wurare da yawa. Ita ce babbar mai kiwon gansakuka a can, tun da an riga an kame kifayen da ke taya ta. A gaɓar Jamaika, murjani mai rai da ya rufe fiye da rabin duwatsun teku a ƙarshen shekarun 1970 ya koma ƙasa da kashi 5 cikin 100 a farkon shekarun 1990, gansakuka ta haye wurin. Teku guda ke nan, da duk yalwar ruwansa, ya kasa riƙe kansa da aka rasa masu kiwo, balle lita 300 a falo.

Kafin ka sayi komai, ka tsaya ka tantance abin da ke cikin akwatin, don ba kowace gansakuka suke ci ba. Ƙurar dayatom da siririn koren da ke lulluɓe gilashi, waɗannan abincin kusan kowane dodon koɗi ne. Koren gashi suna cinsa in gajere ne. Akwai wata mai kama da gashin tsuntsu in ka duba ta da kyau, Bryopsis, wadda kusan babu mai taɓa ta. Akwai masu ƙulu-ƙulu kore masu ƙyalli, Valonia, da ke laɓewa a lungun dutse. In ka ga jan yauƙi ya shimfiɗu kan yashi yana ɗagowa falle guda in ka taɓa, wannan ƙwayoyin bakteriya ne, yawanci alamar ruwa ba ya motsi a wurin, kuma dodon koɗi kewaye shi yake yi. Mafi haɗari shi ne yauƙi ruwan ƙasa mai zare-zare da ƙananan kumfa maƙale a jiki, wanda ke ƙaruwa da rana ya ragu da dare. Sunansa dainofilajelet, wasu irinsa na da dafi, dodon koɗin da ya ci sai ka ga ya saki gilashi ya faɗo. Masu akwatin teku sun lura ya fi ɓarkewa a akwatin da aka tsotse naitiret da fosfet ƙarƙaf, shi ya sa na ce kada ka nemi sifili. Tabo mai tauri ruwan hoda ko shunayya a kan dutse kuwa alheri ne, ka bar shi ya yaɗu, domin inda ya kama, koren gashi ba ya samun wurin zama da sauƙi.

A cikin dodannin koɗi, in aka ce in zaɓa maka ɗaya tak, Trochus zan ce. Ƙwansonsa faɗi ne a ƙasa da tsini a sama, yawanci da ratsin ja ko baƙi. Daga tekunan Indiya da Fasifik masu ɗumi yake, saboda haka ya fi sauran jure zafi, kuma in ya faɗo ta baya yana iya miƙa ƙafarsa ya juya kansa. Wata rana da dare ka haska shi yana kan gilashi ka duba ta waje. Za ka ga bakinsa na buɗewa yana rufewa, wani ɗan harshe mai jerin ƙananan haƙora yana kankarar gilashin, kai na kaɗawa hagu da dama, yana barin siririyar hanya mai lanƙwasa fes a tsakiyar ƙurar. Da wannan harshen yake aiki duka, kuma ganinsa zai fahimtar da kai dalilin da ya sa gashi mai tsawon yatsa ya fi ƙarfinsa: abin kankara ne, ba abin yanka ba. In ruwa ya yi masa daɗi har haihuwa yake yi a akwati.

Astraea ya yi kama da shi, ya fi araha, yana aiki, amma in ya kife a kan yashi ba ya iya tashi, sai ka sa hannu ka juya shi, in ba haka ba ƙaguwa ta riga ka. Turbo, babban nan mai zagayayyen ƙwanso da ake kawowa daga Meziko, babu kamarsa wajen cin koren gashi, sai dai ya saba da ruwan da ya fi namu sanyi, ga ture duwatsu, in kuma ya mutu shi kaɗai ya isa ya ɓata ruwan ƙaramin akwati. A Kebbi ba zan sa shi ba sai mai na’urar sanyaya ruwa. Wanda ake kira Margarita kada ma ka karɓa ko kyauta, na ruwan sanyi ne, a hankali yake mutuwa a ruwan ɗumi. Cerith ƙanana ne dogaye, suna wuni cikin yashi su fito da dare, su ne maganin ƙurar da ke kan yashinka. Nerite na da ƙoƙari a gilashi, amma ɗan bakin gaɓa ne, ya saba fita daga ruwa, in babu murfi a kan tayil za ka same shi. Nassarius kuma mutane na saye da sunan mai cin gansakuka alhali ba ya ci. Mushe da ragowar abinci yake bi. Yana binne a yashi da ɗan bututun hancinsa a waje, da ka zuba abinci sai ka ga yashi na motsi suna ɓullowa. Yana da amfani ta wannan fuskar, biyu ko uku sun isa.

Akwai wani da za ka so ji. Kuɗin wuri ɗin nan da kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwannin ƙasar Hausa kafin zuwan kuɗin Turawa, ƙwanson wani dodon koɗi ne na tekun Indiya, da yawansa daga tsibiran Maldibs aka kwaso. Mai ransa gansakuka yake ci, kuma masu akwatin teku suna ajiye shi don haka. Yana da wata fata da yake fitarwa ya lulluɓe ƙwanson gaba ɗaya, ita ce ke sa wuri santsi da ƙyalli. In ka samu a wurin mai sayarwa, ɗauki biyu.

Ƙaguwa kuwa, a nan nake taka-tsantsan, domin kowace ƙaguwa mai cin abin da ta samu ce. Wadda aka fi sakawa ita ce ’yar ƙaramar nan mai aron gida, wadda bayanta ke da laushi, sai ta nemi ƙwanson dodon koɗi da babu kowa ta shige tana yawo da shi. Akwai mai shuɗin ƙafa da mai jan ƙafa, duka daga Karibiyan. Suna shiga lungun da dodon koɗi ba ya kaiwa, suna tsinke gajeren gashi da ragowar abinci. Matsalar ita ce tana girma gidan ba ya girma, in ta rasa wanda ya fi nata sai ta kashe mai gida ta gaje. Mai shuɗin ƙafa ta fi wannan hali, mai jan ƙafa ta fi haƙuri. Ka zuba musu ƙwansuna marasa kowa masu girma daban-daban, biyu ko uku ga kowace ɗaya, a wani lungu bayan dutse. In ka yi sa’a za ka ga sauyin gida: ta kama sabon ta jujjuya, ta zura hannu ciki ta laluba, ta girgiza yashi ya zube, sannan cikin ƙiftawar ido ta zaro bayanta ta cusa. Wani lokaci ta ɗan zaga da shi, bai yi mata ba, ta koma tsohon.

Koriyar ƙaguwar da ’yan kasuwa ke kira emerald ana sa ta ne musamman don masu ƙulu-ƙulun nan. Ba ka ambaci kana da su ba, don haka ba ka buƙatarta yanzu. In buƙatar ta taso, ɗaya ta isa, kuma ka riƙa ba ta abinci, domin yunwa na sa ta kai hannu ga murjani ko kifin da ke barci. Ga wata alama da za ta yi maka amfani in wata baƙuwar ƙaguwa ta fito daga cikin dutse: ka dubi bakin hannunta. Mai faɗi da kwarmi na kankarar gansakuka ne, mai tsini, musamman mai baƙin baki, na farauta ne, a fitar da ita. Sannan kada ka firgita in ka ga ƙaguwa kwance fayau kamar ta mutu. Sau da yawa saɓa ce ta yi, mai ita na ɓoye har sabuwar fata ta yi tauri.

Batun yawa, za ka ji ana cewa ɗaya ga kowane galan, wato kusan lita huɗu. Lissafin mai sayarwa ne. Da shi za ka zuba fiye da saba’in, su share akwatin cikin kwanaki, sannan yunwa ta bi su ɗaya bayan ɗaya, gawarsu ta dawo maka da gansakukar. A lita 300 ni zan fara da Trochus shida, Cerith shida, Nassarius biyu, da ƙaguwa mai jan ƙafa uku. Ka ba su wata guda ka ga inda suka gaza, sannan ka ƙara abin da wurin ke buƙata.

Amma ba a fafe gora ranar tafiya, kuma abin da zai fi ba ka aiki a Birnin Kebbi zafi ne. Waɗannan halittu suna son ruwa tsakanin digiri 24 da 27. Daga Maris zuwa Mayu garinku na haura 40, falon da babu na’urar sanyaya ɗaki kuwa ruwan akwati zai wuce 30 ba tare da ka ankara ba. Ruwan zafi ba ya riƙe iska sosai, in aka ɗauke wuta famfon ciki ya tsaya, abin ya haɗu biyu. Kifi zai iya haurowa sama yana haki ka gan shi, dodon koɗi kuwa shiru zai mutu. Ka ɗora famfon da ke motsa ruwa a kan sola ko inbata, wutar da yake ci kaɗan ce. Ka sa ƙaramar fanka tana hura saman ruwan, a busasshiyar iska irin tamu tana sauke zafi ƙwarai. Ka ajiye gorunan ruwa a firiza, a rufe gam, don ranar da abu ya ɓaci. Sai dai fanka da hunturu duka suna ƙafar da ruwa, kuma ruwa ne ke tashi, gishiri na nan. Ka ja layi a jikin gilashi, kullum ka cika zuwa layin da ruwan RO zalla, ba mai gishiri ba. Ka riƙa auna gishirin da ma’aunin da ake kira rifraktomita, ya tsaya a 1.025 ko 1.026. Hawa da saukar gishiri na kashe dodon koɗi tun kifi bai nuna komai ba.

Abu biyu kuma na cikin gida. Jan ƙarfe guba ne ga dodon koɗi da ƙaguwa ko kaɗan ne, kuma yawancin magungunan farin ɗigon kifi da shi ake yi. In an taɓa zuba irin wannan magani a akwatin, dutse da yashi sun sha, sai an gwada ruwan tukuna. Na biyu maganin sauro. Fiya-fiya da na fesawa an yi su ne don kashe ƙwari, ƙaguwa kuma dangin ƙwari ce ta kusa. Ka gaya wa uwargida da yara kada a fesa a falon nan, in ya zama dole a rufe akwatin ruf, a kashe abin da ke tura masa iska har ɗakin ya sha iska. Hannun da ya taɓa turare, man shafawa ko sabulu a ɗauraye shi sosai kafin ya shiga ruwa. Ba ka faɗi irin kifayenka ba, to ka bincika: kifi mai kumbura da wanda ake kira trigger haƙoransu na fasa ƙwanso ne, ba a haɗa su da waɗannan.

Wajen saye, ka roƙi mai kawo maka ya zaɓi waɗanda suka manne da gilashi da ƙarfi, ya sa su a akwatin kumfa mai riƙe sanyi, a biyo jirgi da su in da hali, don tafiyar mota daga Legas cikin rana ta yi musu tsawo. Ka fi son watannin sanyi ko tsakiyar damina. In sun iso, ka ɗora ledar a kan ruwan akwatin a rufe minti 15 zuwa 20 zafinsu ya daidaita, ka juye su a roba mai tsabta, ka riƙa ɗiga musu ruwan akwatinka da siririn tiyo na kamar minti 45, sannan ka ɗauke su da hannu ka ajiye a kan dutse, ƙafa a ƙasa. Ruwan ledar a zubar, kada ya shiga akwati. Wanda bai motsa ba bayan kwana biyu ka ciro ka shinshina, mataccen dodon koɗi ba ya ɓuya ga hanci.

Kafin su iso, aikin hannu naka ne. Ka tsige dogon gashin da yatsa, ka fito da duwatsun da suka fi muni ka goge da sabon buroshin haƙori a cikin bokitin ruwan gishiri, ka zuƙe ƙurar yashi da tiyo, ka canza lita 30 duk mako da ruwan RO. Ka yi haka makonni uku ko huɗu, kana rubuta zafi da gishiri safe da yamma. In lambobin sun tsaya wuri guda, ka yi odar su. In kuma daga baya duwatsu suka yi fes har kana ganin dodannin na yawan taruwa a saman gilashi suna neman abinci, ka sayi busasshen ganyen tekun nan da ake kira nori, marar gishiri da yaji, ka ɗaure ɗan yanki a dutse da roba sau biyu a mako, abin da ya rage da safe ka cire.